Ba kunyar daddawa muke ji ba

Ƙanwata, na saurari saƙonki har ƙarshe, sai da na bari zuciyata ta huce kafin in ɗauki waya. Tambayarki biyu ce. Ta farko, me ya sa ranar da kuka zo Umara, ɗana da ya ɗauko ku daga filin jirgin Jidda ya roƙe ki ki mayar da kilishi cikin jaka sai an iso gida. Ta biyun ita ta fi miki ciwo: wai ko mu Hausawan da aka haifa a nan Saudiyya mun fara ƙyamar abincin iyayenmu ne, tunda kin lura ba ma cin komai a mota, ba ma tauna a jirgin ƙasa, kuma kafin daddawa ta shiga tukunya sai an rufe wannan ƙofa an buɗe waccan taga. Tunda bana za ki rako Gwaggo aikin Hajji, kuma na san masu irin wannan tambaya suna da yawa a Kano, gara in amsa a fili kowa ya ji.

Maganar ƙyama dai ki cire ta daga ranki. Kakanninmu da ƙafa suka zo, ta Borno da Chadi da Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin zuwa Jidda, da yawansu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Jikokinsu su ne masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi da kike gani a katin asibiti da allon shago, har da Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, kuma har yau ranar Juma'a in kika shiga gidajenmu tuwon shinkafa za ki tarar da miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya. Akwai yaran da Hausarsu ta karye, amma harshensu bai manta man shanu ba. Tsirenmu ma ya zama abincin gari. Larabawan Makka da Jidda suna kiransa siriye, suna bin layi da daddare su saya, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Wanda ya koya wa gari cin abincinsa ba za a ce yana jin kunyarsa ba.

Abin da ya bambanta mu da ku iska ce. Ke a gida madafinki a tsakar gida yake, ko aƙalla tagarsa tana kallon fili. Ki soya manja har ya yi hayaƙi, ki zuba attaruhu kowa ya yi atishawa, kafin a idar da sallar Magariba iska ta kwashe. In kika hau motar Zariya aka tsaya a Kwanar Ɗangora, wannan ya sayi dafaffen ƙwai, wancan balangu, wata ta miƙo wa jaririnta ayaba, gilasai a sauke, direba ya ja mota, shi ke nan. Mu nan zafi ya kulle mu. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Makka ya haura digiri 51, kuma ko a shekarar da aka samu sauƙi, daga watan Mayu zuwa Satumba ba mai hankalin da zai sauke gilashin mota da rana. Gida a rufe, mota a rufe, masallaci a rufe, ofis a rufe, ko'ina na'urar sanyaya ɗaki ke aiki. Ita kuwa wannan na'ura yawanci ba sabuwar iska take kawowa ba, ta cikin ɗakin take zuƙa ta sanyaya ta dawo da ita. Duk abin da kika buɗe a kujerar baya, wanda ke gaba zai shaƙe shi, ya kuma shaƙa, har a iso. Sannan ya zauna a katifar kujera, ya kama farar jallabiyar namiji da baƙar abayar mace, ya bi su har inda za su.

Motar nan da ɗana ya ɗauko ku da ita, da ita yake ci da iyalinsa. Bayan ya sauke ku fasinja zai ɗauka, wataƙila mai harami, wataƙila wata mai laulayin ciki. Kilishi kuwa kin san abin da ke jikinsa: labun ƙuli-ƙuli, albasa, citta, kanumfari, barkono, ga ɓurɓushi da ke zuba duk inda aka yage shi. Tsakanin Jidda da Makka kilomita wajen 80 ne kawai. Ya ga za ki iya haƙurin awa guda, shi ya sa ya roƙe ki. Kuma in ban manta ba, da aka iso gida shi ya fi kowa cin kilishin.

Gidajen ma sun canza a hannunmu. Muna yara a unguwannin Misfala da Shari'u Mansur, gidaje na da soro a buɗe, mata na girki a sama da yamma, kuma maƙwabcin dama da na hagu duk masu cin daddawa ne, wa zai yi wa wani ƙorafi? A Jidda ma haka 'yan uwanmu suke a Sabil da Karantina da Hindawiyya, har aka fara rusau a ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022. Jama'a suka watsu cikin gidajen bene na haya. Yanzu maƙwabciyata ta sama 'yar Masar ce, ta ƙasa 'yar Yaman, ƙofar da ke kallon tawa 'yan Pakistan ne. Matattakala ɗaya, lifta ɗaya, kuma tagogin kicin ɗinmu duka suna buɗewa ne cikin wani rami guda da ya ratsa ginin daga ƙasa har sama, wanda ake kira manwar. In na jefa daddawa a tafasasshen ruwa, ta hawa na huɗu ta san yau miyar kuka ake yi kafin mijina ya sani.

To a nan ne ka'idojin da kika gani suka samo asali, kuma ba wanda ya rubuta mana su. Ana rufe ƙofar kicin, a kunna fankar da ke zuƙe hayaƙi. Ba a ɗora miya mai ƙarfi da tsakar rana lokacin da mutane suka dawo aiki suna ƙailula, ba a kuma soya kifi bayan sha ɗayan dare. In an sauke tukunya, sai a saka garwashi a kasko a zagaya da turaren wuta, har a leƙa da shi bakin matattakala. Daddawar kalwa muna sakawa ba fargaba. Daddawar batso kam, ni na daina dafa ta a bene, haka babbakar kai da ƙafa da bandar kifi. Waɗannan sai ranar da dangi suka haɗa kuɗi aka kama gidan shaƙatawa a bayan gari, irin wanda ake kira istiraha, mai fili da bishiyoyi, a hura wuta a yi yadda ake so. Ka'idar da ta fi duka girma kuwa ita ce, in ƙamshi ya riga ya shiga gidan maƙwabciya, to kwano ya bi bayansa. Wannan al'adar mutanen Hijaz ce tun da, kuma kwanon ba ya dawowa wayam. Asalinta wasiyyar Manzon Allah (SAW) ce ga Abu Zarri, cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. 'Yar Masar ɗin nan da farko ɗanɗanawa kawai take yi don kunya. Yanzu in ta ji shiru mako biyu sai ta aiko yarinya ta tambaya ko lafiya. Ni ma ina haƙuri da ita ranar da ta buɗe ruɓaɓɓen kifinsu mai gishiri, fasik, wanda in aka jera shi da batso ban san wanda zai yi wa wani sallama ba.

Sai kuma addini, wanda ke ma kin sani, sai dai a nan yana kusa da hancin mutum fiye da can. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, kuma a ruwayar Muslim an faɗi dalili: mala'iku suna cutuwa da abin da 'yan Adam ke cutuwa da shi. Sayyidina Umar ya faɗa a huɗuba cewa ya ga ana fitar da mai irin wannan wari daga masallaci har zuwa Baƙi'a, ya ce wanda zai ci su ya kashe warinsu da dahuwa. Amma ki lura da labarin Abu Ayyuba, wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa a Madina. Da aka mayar masa da abinci mai tafarnuwa ba a taɓa ba, ya tambaya ko haramun ne, aka ce masa a'a, warin ne ba a so. Abincin halal ne, wurin da za a kai warinsa ne abin dubawa. Mutumin da ya tashi yana sallah kafaɗa da kafaɗa da baƙi daga kowace ƙasa, sau biyar a rana, wannan hukunci yana shiga jininsa, har ya wuce da shi mota da lifta da ɗakin jira na asibiti ba tare da ya tsaya tunani ba. Shi ya sa mazanmu ba sa cin ɗanyar albasa da abincin rana, kuma cin tsire da albasarsa sai bayan Isha'i. Ki duba ma shimfiɗar buɗa-baki a cikin Masallacin Annabi da azumi: dabino, ruwan Zamzam, gahawa, kindirmo, burodin shuraik da dugga, garin kayan ƙamshin da ake dangwala burodin a ciki. Mutum dubu ɗaruruwa ke ci a lokaci guda, a naɗe ledar cikin 'yan mintuna a tayar da sallah, ba maiƙo ba wari. Shinkafa da nama ba sa shiga ciki.

Akwai dalili na uku, wanda ba kowa ke son faɗa ba, amma ke 'yar uwata ce. Mu baƙaƙe ne a ƙasar da har yanzu wasu ke jifan mutum da kalmar takaruni, sunan rainin da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi, in rai ya ɓaci, ko da kakansa a Makka aka binne shi. In Balarabe ya shigo bas da ledar soyayyar kazar gidan abincin Albaik, wadda tun 1974 mutanen Jidda ke ji da ita, ya buɗe miyar tafarnuwarta ta cika motar, sai a yi murmushi a ce yunwa ce ta kama bawan Allah. In tsohuwa daga Katsina ta kwance ƙullin dambun kifi a kujerar bayansa, ba za a ce wance ta yi ba, cewa za a yi 'yan Afirka ke nan. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mu da ke zaune mu ke kwana da garin bayan baƙo ya koma gida. Wannan rashin adalci ne, ban taɓa ce wa 'ya'yana daidai ne ba. Amma ƙarya nake in na ce ba ya cikin abin da ke sa mu taka-tsantsan. Inda nake rabuwa da wasu samarinmu shi ne masu wuce gona da iri, waɗanda in abokansu za su zo sai su hana uwarsu ɗora miyar kuka, a yi odar kabsa, shinkafa da naman Larabawa, daga waje. Wannan kam kunya ce, irin wadda kike zargi, kuma in na ji yaro ya yi haka ba na raga masa. Kada ka cutar da mutum a wurin da ba shi da hanyar tsira, wannan ladabi ne. Ka ɓoye tukunyar uwarka a cikin gidanta, wannan wani abu ne daban.

Kuma in kin duba da kyau, rabin abin nan daga gida aka zo da shi. Yaushe kika taɓa ganin dattijon Bahaushe yana tafe yana tauna a titi? Wace mace ce za ta buɗe kwano gaban surukinta? Wa zai ci abu a cikin mutane bai ce bismillah ba? Kakata har ta rasu ba ta yarda a ga motsin bakinta a gaban baƙo ba. Mu dai mun riƙe wannan ne muka ƙara masa, saboda wurin ya matse.

Maganar ƙara kuwa ta fi ta wari wuya, don mai yi ba ya jin kansa. A gida in an ci kaza aka bar ƙashi ba a tauna ba sai a ce almubazzaranci, ni ma a ɗakina ina taunawa har in tsotse ɓargo. Amma a kan shimfiɗar da aka haɗu da wasu ƙabilu ba ma yi. Haka zuƙar shayi da ƙara, haka tsotsar haƙori bayan an gama, haka gyatsa. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya yi gyatsa a gaban Manzon Allah (SAW) aka ce masa ya kame ta. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin kimanin awa biyu da rabi, kuma shirunsa har ya yi yawa, wani na karatun Alƙur'ani a waya, wani na barci. In kika fasa ƙuli-ƙuli ko aya a ciki, taragon gaba ɗaya zai san da ke. Akwai wurin sayar da shayi da ɗan abin taɓawa a jirgin, mai jin yunwa ya tashi ya je can. Kada ki ɗauka Larabawa sun tsira. Suna da fisfis, 'ya'yan furen nan mai bin rana da ake soyawa da gishiri, saurayi zai zauna yana ɓantara ɗaya bayan ɗaya yana tofar da ɓawo awa guda cur. Shi ma a wurinmu rashin tarbiyya ne in a cikin mota ne, kuma tun 2019 akwai dokar ladabin zama cikin jama'a da ta sa tara a kan tofi da zubar da shara a inda bai dace ba.

Goro kada ma ki ɗauko. Hukumar alhazai ta Najeriya tana gargaɗi a kansa duk shekara, kuma in aka gan shi a kaya wahala ce. Wanda kika gani a bakin tsofaffinmu kada ki tambaye ni ta inda ya shigo.

Yanzu ga abin da ya shafe ki ke da Gwaggo. A masauki za a haɗa ku mata huɗu ko fiye a ɗaki ɗaya, taga ba ta buɗuwa ko ba a so a buɗe. Kowa ya zo da guzurinsa: garin kwaki, yaji, dambun nama, ƙuli-ƙuli, wata har da man shanu a gora. Ba laifi. Ki zuba naki a roba mai murfi da ke kamawa sosai, ba leda ba, don leda ba ta riƙe wari kuma ƙararta da tsakar dare ta fi ta tauna tayar da mai barci. Ku yi shawara tun ranar farko a ci abinci lokaci guda. In kowa na ci ba mai jin warin na wani. Ragowar abinci kada ta kwana a kwandon ɗaki, a ƙulle a fitar. Wadda ta dawo daga Harami ƙarfe biyun dare da yunwa ta ɗauki kwanonta ta fita baranda ko ɗakin cin abinci.

Mina ta fi ko'ina. Tanti ɗaya mata da yawa, katifa na gogar katifa, na'urar sanyi na juya iska guda. Ba a girki a ciki. Tun gobarar 1997 da ta ci rayuka fiye da 300 aka hana tukunyar gas aka kuma sauya tantunan zuwa waɗanda wuta ba ta ci, don haka abinci dafaffe ake kawowa. Ga kuma abin da mutane ke mantawa: mai harami ba ya shafa turare, ba ya turara kaya. Dabarar da muke yi a gida ta kasko da garwashi ba ta da hanya a ranakun nan. Duk warin da ya shiga tanti ya zauna ke nan, a kan mutanen da suka gaji, wasu na tari, wasu zuciyarsu na tashi. Haka motar da za ta ɗauko ku daga Madina bayan an ɗaura niyya a Zul Hulaifa, awa biyar ko fiye a rufe. Direbobi suna tsayawa a hanya don sallah da cin abinci, ki adana dambunki sai can. Ki riƙe aswaki a jaka, shi ba ya ɓata harami.

Gwaggo tana da ciwon suga, kuma wannan ya sha gaban duk abin da na lissafa. In jikinta ya fara rawa ki ba ta abin da ke hannunki nan take, ko a ina kuke, ba mai cewa uffan. Mutanen nan suna girmama tsoho da mara lafiya ƙwarai. Sai dai tun daga gida ki tanadi abin da ba shi da wari ba ya ƙara: dabino, ayaba, burodi mai laushi, madarar kwali. In za ki ba ta a cikin mutane ki ɗan miƙa wa na kusa, ki ce bismillah, in Balarabiya ce ki ce tafaddali. Yawanci za ta dafa ƙirji ta yi godiya ba za ta karɓa ba, amma fuskarta za ta sake.

Za kuma ki haɗu da wadda ba ta san duk wannan ba, ta kwance ƙullin kifi a tsakiyar tanti ana tsaka da zafi. Kada ki yi tsaki, kada ki toshe hanci da mayafi, kada ki yi habaici da wata a gefe. Wannan ya fi warin kifin muni, kuma a Mina ake, inda aka hana jayayya. Yadda muke yi shi ne a matsa kusa a yi mata sannu da gajiya, a ce Hajiya ga wata can ba ta jin daɗi, ko za mu fita ƙofa in taya ki zama ki ci a nutse? Mafi yawa za su tashi, har su ba ki haƙuri. Wadda ta ƙi, ki ƙyale ta, kwana nawa ne. Gwaggo ce dai na san halinta, ba ta iya ganin abu ta yi shiru, kuma muryarta ba ta da ƙasa-ƙasa. Ki shimfiɗa katifarki kusa da tata.